Bargon Tlali da Kwikwiyon Mamello

A bakin kantin garin Semonkong, can saman duwatsu, Tlali ya fara ganinta, yana sauke buhunan garin masara daga motar da yake tuƙawa. Budurwa ce tsaye cikin bargo mai ruwan toka, kuma bargon sai motsi yake yi a ƙirjinta. Shi kuwa Tlali bakinsa ba ya iya ganin abu ya yi shiru.

"Ausi, 'yar'uwa, bargon naki rai gare shi?"

Ta ɗaga gefen bargon, sai ga kan baƙin kwikwiyo, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ta ce sunansa Tau, a bayan garken tumaki ta tsince shi. Nata sunan kuwa, sai da ya saya wa Tau madara sannan ta ce Mamello. Lambar waya sai a zuwansa na gaba ya samu, ita ma da kyar.

Daga nan wayoyinsu ba su sake hutawa ba.

"Sanyin idona, kin tashi lafiya? Ki gaida min surukina mai kunne ɗaya."

"Ka daina ce min sanyi, wanda muke da shi a nan ya ishe mu. Surukinka ya cinye takalmin Ntate. Ina kewarka."

Matsalar ita ce mahaifinta, Ntate Mohapi, wato baba Mohapi a yarensu. Dattijo ne mai magana ɗaya, kuma ra'ayinsa biyu ne a duniya: kare a waje yake kwana, mutumin kwari kuma ba ya zaman dutse. Tlali ɗan Mafeteng ne, can cikin kwari, jaket yake sawa, ko ɗaura bargo bai iya ba. Dattijon ya ce ya sha ganin irinsu, hunturun farko suke gangarawa su bar 'yar mutane da kuka. Ga Sekhonyana nan ɗan gida, mai tumaki, wanda ya daɗe yana zarya.

Mamello ta ce ba ta son Sekhonyana, ba kuma za ta yi aure babu albarkar mahaifinta ba. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, don duka biyun gaskiya ne. Mahaifiyarta ce ta yi ta lallashi har dattijon ya sa rana guda. Ya ce Tlali da nasa su zo ya gansu, in ba su zo ba kada a sake kawo masa zancen.

Tlali ya je ya sayo bargo na kece raini, irin wanda ake shiga gidan surukai da shi. Ya turo mata hoto.

"Gimbiyata, yaya kika gani?"

"Ka ɗaura shi a juye, abin ƙaunata. Amma ka yi kyau."

Ranar da aka sa, gari ya waye fari fat da dusar ƙanƙara, hanyar mota ta toshe. Da sassafe Ntate Mohapi ya tarar da Tau a kicin kusa da murhu, ya kore shi waje. Kafin hantsi an nemi kwikwiyo an rasa. Mamello ta zagaye garke da bayan gida tana kira har muryarta ta dishe.

Ana cikin haka Sekhonyana ya iso a kan doki, fuskar nan kamar ta mai jaje, zuciya kuwa fes. Ya ce ya hango baƙi biyu a ƙasa wajen rafi, kuma da idonsa ya ga mai sabon bargon ya sauka daga hanya ya juya. Dattijon ya juya ya kalli 'yarsa. Ta shige ɗaki ta rubuta:

"Da gaske ka koma, Tlali?"

Saƙon bai tafi ba, babu sabis. Ta zauna ta yi kuka, ba ta ma san wanne take yi wa ba, saurayin ko kwikwiyon.

Rana ta karkata sai ga mutum biyu a ƙofar gida. Na gaba kawun Tlali ne, kansa a sunkuye don kunya. Na baya Tlali ne, daga shi sai 'yar shat, wando a jiƙe har gwiwa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Sabon bargon yana rungume a ƙirjinsa, duk laka. Kuka ya ji a ƙarƙashin gaɓar rafi, ya sauka ya tarar da Tau ya faɗa ruwa ya kasa fita.

Maƙwabta suka fara ƙunshe dariya. Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin wanda ya naɗe kare a bargon neman aure ba.

"Bargon da za ka tsaya gabana da shi ka ba kare?" in ji Ntate Mohapi.

"Ntate, ka gafarce ni," Tlali ya ce, haƙoransa suna haɗuwa. "Nata ne. Ba zan iya shigo mata gida na bar shi a can ba."

Mamello ta karɓi kwikwiyon ta yi kicin da shi. Mahaifiyarta ta hana a manna shi da wuta, ta ce a hankali ake dawo da jikin da ya daskare. Suka goge shi da tsumma har ya bushe, suka ɓanɓare ƙanƙarar da ta maƙale tsakanin yatsunsa, suka ba shi madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan, ƙofa a ɗan buɗe saboda hayaƙin gawayi. Can sai wutsiya ta motsa.

A waje dattijon yana tsaye yana kallon saurayin da ke karkarwa bai nemi wurin zama ba. Ya san sarai wanda ya kori kwikwiyon da safe, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya zare allurar da ke riƙe bargon kafaɗarsa, ya cire shi, ya yafa wa Tlali, ya ɗaure masa da hannunsa.

"Shigo, ɗana. Ku faɗi abin da ya kawo ku."

Sekhonyana ya tuna yana da tumakin da bai duba ba.

Da dusar ta narke, bishiyoyi suka yi fure, aka ɗaura aure. Dawakai suka cika fili, mata suna guɗa, aka ci nama da tuwon masara har aka bari. Ntate Mohapi ya kama hannayensu biyu ya haɗa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da ruwan sama da wadata. Na ba ka ita, Tlali, kuma hankalina a kwance yake."