Tsohon Moton Gidan Bakari

Rana ta yi ja a kan fadamar Haɗejiya, 'Yar'azumi tana kwashe tuwo a tsakar gida, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai. Na biyu ya faɗo a gabanta, da ɗumi kamar an ciro shi daga murhu. Mijinta Bakari ya leƙa waje, babu kowa a layin.

Kwana uku ke nan da moton lantarkin da ke juya injin casar shinkafarsa ya ƙone. Bakari bai yi shawara da kowa ba, ya sayar da shi ga masu sayen tsofaffin ƙarafa. Da ya kira Ishaku mai gyaran wuta don su sayo sabo, Ishaku ya girgiza kai.

"Ina tsohon? A jikinsa aka rubuta ƙarfinsa da saurin juyawarsa. In muka sayo ƙarami zai ƙone, in ya yi girma zai sha wuta a banza. Ba na sayen moto da ka."

Jifan ya ci gaba kowace magariba. A rana ta huɗu, 'yarsu Ummussalma, malamar firamare, ta dawo daga aiki ta wuce kai tsaye rumfar injin. Ta zauna a gurbin da aka cire moton, tana shafa simintin, tana kuka da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko Malam Haris daga Guri. Ya zauna nesa kaɗan da ita, ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, kaji ma suka ƙi shiga akurki. Can ta ɗago, idanunta a kafe.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Na riga su zama a nan," in ji wata tsohuwar murya. "Ɗana yana kwana a cikin ƙarfen nan saboda ɗumi. Sun ɗauke shi yana barci. Ɗa a bakin ɗa. Wannan tawa ce."

'Yar'azumi ta toshe bakinta da mayafi.

"Ba da sani suka yi ba," in ji Malam. "In an dawo da shi, za ki fita?"

"Da jinin baƙin bunsuru."

"Ba za a yanka miki ko kaza ba. Ɗanki kawai, sannan ki bar gidan nan."

"Ku kai shi bakin kogi kafin rana ta faɗi gobe."

A garin Malam Madori Bakari da Ishaku suka samo moton wurin masu tsofaffin ƙarafa, saura kaɗan a fasa shi. Ishaku ya kankare tsatsa da wuƙa, ya karanta: ƙarfin doki ashirin. Ya rubuta a tafin hannunsa, ya ja da baya, domin ƙarfen da ya yi mako babu wuta yana da ɗumi.

Sai da ƙarti shida suka kama kafin ya sauka a bakin kogi. Daidai lokacin, a gida, Ummussalma ta yi atishawa uku, ta nemi ruwa, ta tambayi me ya kawo ta rumfar inji.

Washegari Bakari ya koma ya duba. Moton yana nan, ya yi sanyi. Ya sa hannu ɗaya, ya mirgina shi.