Ƙunar Sanyi

Da hantsi aka kira Insifekta zuwa ɗakin binciken asibiti. Mutum ne mai ji da idonsa, har abokan aiki na tsokanarsa wai ko allura ce ta faɗa rijiya zai gano ta.

Likitar da ke shugabantar ɗakin ta tarbe shi a gaban wata ƙatuwar firiza.

"Me aka ɗauka, Likita?"

"'Yar kwalba ɗaya. Tsokar da muka yanko daga nonon wata malamar makaranta mai ciwon daji."

"Me tsokar za ta gaya muku?"

"Akwai wani sinadari, inzayim ake ce masa, da ke taimaka wa ƙwayoyin daji su ci sukari su yi ƙarfi. In ya yi yawa a tsokar, ciwon mai saurin yaɗuwa ne, dole mu tsananta magani tun yanzu. In tsokar ta narke, ba abin aunawa, sai an sake yanka. Malama kuwa da kyar ta yarda da na farko."

Insifekta ya kai hannu ga ƙarfen da ake jera kwalabe a cikin firizar. Likita ta buge hannun.

"Sai da safar hannu mai kauri. Sanyin nan ƙuna yake kamar wuta."

Ya sunkuya ya duba da kyau. Ga 'yar fatar yatsa manne a jikin ƙarfen.

"Ma'aikatanki sun san da haka?"

"Ranar farko ake koya musu."

"To ɓarawonmu baƙo ne. Wa ya shigo nan daga waje?"

"Yayan Malama, mai kantin magani. Jiya ya roƙa a nuna masa inda aka ajiye tsokar."

A ɗakin jinya Insifekta ya same shi, zaune gefen gadon ƙanwarsa, hannun dama naɗe da bandeji.

"Me ya sami hannun?"

"Dutsen guga ne, Yallaɓai."

"Kwance mu gani."

Insifekta ya kalli yatsun, gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya san ya gama aiki, kuma ya ji daɗin kansa.

"Dutsen guga taɓa shi ake a janye. Kai damƙa ka yi, yatsu huɗu ta gaba, babban yatsa ta baya. Sauran fatarka na can cikin firiza tana jiranka."

Mai kanti ya sunkuyar da kai.

"Wata da watanni ina ce mata maruru ne, ina ba ta ƙwayoyi. Duk unguwa Likita ake kirana. In sakamako ya ce abin ya yi nisa, da wane ido zan kalli dangi?"

"Ina kwalbar?"

"Tana kwata."

Insifekta ya juya ya kalli Malama. Ya kama ɓarawo, amma bai ceci komai ba.

Malama ta yunƙura ta zauna, ta gyara ɗankwalinta.

"Yaya, sunanka ka tsare, ba ni ba." Ta juyo. "Yallaɓai, ka gaya wa Likita ta shirya wuƙarta. A sake yanka, a auna. Ina da aji na jirana."

Insifekta bai saba sara wa farar hula ba. Ranar ya ƙame ya sara mata, sannan ya tasa ƙeyar yayanta waje.