Babban Bibiron Gwaggo Jummai

Munira na durƙushe a tsakar gida tana kuka, gwaggo Jummai na tsaye a kanta tana zazzaga mata masifa. Wata uku ke nan da yayar Munira ta rasu wurin haihuwa a Korgom, ta bar mata jaririya Umaima, sai madarar gwangwani ake ba ta. Ga shi yarinya sai ramewa take, wuya kamar zare!

"Yunwa kike kashe ɗiyar ƙanena da ita!" in ji Jummai. "Dubi ɗan bibiron da kike ba ta madara da shi, kamar kwalbar turare! Gobe in kilonta ya sake raguwa, ƙwace ta zan yi."

"Wallahi gwaggo, yadda sajifam, ungozomar asibiti, ta gwada mani nike damawa... Ya Allah, kai ka ga zuciyata!"

Abin tausayi, ko uban yarinyar, Rabilu ƙanen Jummai, ya daina amsa gaisuwar Munira. Kullum Munira za ta tafi gona sai ta bar wa Jummai yarinya da gwangwani, ta dawo ta tarar da cikin yarinya tim, amma jiki babu ƙwari.

Washegari a likita, wato asibitin garin, aka ɗora Umaima kan sikeli. Ta ragu! Jummai ta ɗaga murya gaban mata, ta zaro wani ƙaton bibiro daga zaninta.

"Ba don ni da nike cika mata wannan da rana ba, da tuni ta bi uwarta!"

Sajifam ta dube ta. "Cokali nawa kike zubawa?"

"Biyu mana, kamar nata."

"Biyu? A wannan ƙaton? Subhanallahi! Ruwa kike ɗura wa jaririya, baiwar Allah! To, ina sauran madarar, tunda gwangwani na ƙarewa?"

Jummai ta kama inda-inda. Wata maƙwabciyarta ta ce, "Ai shi ya sa shayinta ya yi fari kwanan nan!"

Rabilu, da ke tsaye bakin ƙofa, ya fashe da kuka. Ranar nan ya sa aka ɗora kayan Jummai a amalanke zuwa garinta Kona. Sannan ya durƙusa gaban Munira.

"Ki gafarce ni..."

Munira hawaye kawai take tana dama madara. Awon da ya biyo baya, da sajifam ta faɗi yadda kilon ya ƙaru, sai da Munira ta roƙe ta ta sake faɗa.