Tukunyar da Ba Ta Barin Ƙanzo

Da hantsi tukunyar ta kunna kanta. Shuɗin idonta ya zagaya ɗakin girki, ya tsaya a kan Injiniya Tasalla Barau. Ya auna nauyinta, ya leƙa jininta ta cikin fata, ya gane ba ta yi barcin kirki ba. Nan take gasara ta zubo daga rumbun bango, ruwan zafi ya biyo ta, muciyar ƙarfe ta shiga juyi. Kafin Tasalla ta gama ɗaura ɗankwali, koko da ƙosai na jiranta, ƙosan har da wani ɓari da aka yanka don kada ya wuce awo.

Ta tsaya tana kallon abincin, ta kasa kai hannu. Yau ce ranar da za ta tsaya gaban kotu a kan mutuwar kare.

Ita ce ta ƙera tukunyar. A takardun Kamfanin Daidai sunanta Ma'auniya, amma mutanen birnin Tudun Haske ba su da lokacin dogon suna, Daidai-ciki suke ce mata. Aikinta ɗaya ne: ta dafa wa kowa abin da jikinsa ke bukata, ba ƙari ba ragi. Ba ta ƙona tuwo balle ta bar ƙanzo. A gidan da ta shiga, ɗumame ya zama labarin da. Tasalla ta ɓata ƙuruciyarta a kan wannan ƙira, domin tun tana yarinya ranta ke ɓaci idan ta ga shinkafar biki a kwata alhali wasu na kwana da yunwa. Niyyarta kyakkyawa ce, wannan kam ko maƙiyinta ba zai musa ba. An fara gwajin tukunyar a unguwarsu, kuma a makon nan majalisar birni za ta yanke ko a saka ta a kowane gida.

Karen kuwa Barsu ne sunansa, gadon mahaifinta. Marigayi Barau mafarauci ne, daga cikin na ƙarshe da suka ga daji kafin gonakin gilashi su cinye shi. Ya horar da Barsu kada ya yi haushi, saboda kare mai surutu korar nama yake yi. Da tsohon ya rasu, Tasalla ta ajiye karen a wani keji a bayan gida. Kare dai ba ya shiga ɗaki a gidan da ake salla, doka kuma ta hana a sake shi a titi saboda motocin da ke tuƙa kansu. Ta sa masa famfo mai ɗigo da rumfa mai sanyi.

Abinci fa? To, a nan maganar take. A gidajenmu wa ya taɓa ɗora tukunya don kare? Ba a dafa masa, ba a auna masa. Abin da ya rage ake zuba masa: ƙanzo, ƙashi, tuwon da yara suka yi wasa da shi. Haka kakanni suka yi, kuma karnukansu ba su rame ba. Shi ya sa tun da daɗewa Tasalla ta ba Wankau, mutum-mutumin da ke mata wanke-wanke, umarni guda: kullum da la'asar ya kai wa Barsu saura. Kullum da la'asar kuwa, idan tana gida, tana ganin Wankau ya wuce da kwano a hannu. Hankalinta kwance. Sai ranar da jirgin shawagi na hukumar tsafta ya hango mushen Barsu a bayan gidanta.

A harabar kotu lauyan kamfani, Barista Magaji Cindo, ya ja ta gefe. Mutum ne mai ƙamshin turare da saurin magana.

"Injiniya, abin mai sauƙi ne. Ki ce aiki ya yi miki yawa, kin manta da shi. Ki nuna nadama, ki ɗan zubar da hawaye in sun zo. Gargaɗi za a yi miki, shi ke nan."

"Ban manta da shi ba, Barista. Kullum ina ganin ana kai masa kwano."

"Wannan kwanon shi ne ba na so a ji." Ya rage murya. "Don Allah kada sunan tukunya ya fito daga bakinki. Majalisa na kallon shari'ar nan. Kare ɗaya ne, tsoho ma. Za ki rushe aikin ranki saboda shi?"

Gaskiya ita ce ba ta son rushe shi. Ta shiga zauren da niyyar yin yadda ya ce.

Mai shari'a Dije Tanimu tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, irin waɗanda ba sa ɗaga murya saboda ba su taɓa bukatar hakan ba. Mai gabatar da ƙara ya karanta tuhuma: barin dabba a tsare ba ci har ta mutu. Ya ce likitan dabbobi ya sami ƙasa da ɓawon itacen keji a cikin karen. Daga nan ya nemi izinin nuna abin da idon Wankau ya gani, tunda kowane mutum-mutumi na adana abin da ya wuce ta gabansa.

Bangon kotu ya haskaka. Ga Barsu nan, ja mai farin ƙirji, yana tsalle yana kaɗa bindi. Hannun ƙarfe ya miƙo kwano, ya karkata shi a kan akushin kare, ya girgiza shi a hankali yadda aka koya masa. Ba abin da ya faɗo. Barsu ya sunsuna akushin, ya lashe shi, ya ɗago kai yana kallon Wankau. Wankau ya juya ya tafi.

Hoton ya tsallaka zuwa wata la'asar, sannan wata. Haƙarƙari suka fara fitowa. Tsallen ya daina. Amma duk sanda hannun ƙarfen ya bayyana, karen sai ya miƙe, ya zo, ya jira a gama karkata masa kwanon. Bai yi haushi ba ko sau ɗaya, tarbiyyar Barau ta riƙe shi har ƙarshe. A la'asar ta kusa da ƙarshe bai iya tashi ba. Yana kwance a gefensa, ya ga kwano, bindinsa ya bugi ƙasa a hankali. A ta ƙarshe bindin bai motsa ba, kuma Wankau ya karkata kwanon a kan akushin, ya girgiza, ya tafi.

Wata mata a baya ta fashe da kuka. Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta ji kamar mahaifinta na tsaye a bayanta da ƙamshin hayaƙin daji a rigarsa, yana kallonta. Taku kaɗan ne daga ɗakin girkinta zuwa kejin nan. Ta yi wata da watanni ba ta taka ba, saboda ta yarda da abin da ta gani a hannun inji.

"Malama Tasalla," in ji mai shari'a, "me ya sa kwanon ba komai a ciki?"

Barista Magaji ya yi gyaran murya har da tari.

"Ranki ya daɗe," Tasalla ta ce, "babu saura ne. Tukunyar da na ƙera ba ta barin saura. Ni na hana ta. Shi kuma da saura yake rayuwa."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Barista ya rufe fuska da tafin hannu, 'yan jarida suka duƙufa a kan allunansu. Tasalla ta san ta gama da kamfani, kamfani ma ya gama da ita.

Mai shari'a ta jira aka yi tsit. Ta ce tukunya ba a tuhumarta, domin ba a ba ta amanar rai ba, kuma Wankau ya yi abin da aka ce ya yi. Wadda aka bar wa kare ita ce Tasalla, ita ke da ƙafa da ido, don haka kotu ta same ta da laifi. Za a faɗi hukunci a zama na gaba, za a kuma aika wa majalisar birni bayanin da ta yi. Har ta ɗauki tabaraunta za ta tashi, sai ta dakata.

"Wannan ba tambayar shari'a ba ce, 'yata, tawa ce. Kafin tukunyar nan ta zo, ban da karen, wa ke cin saura a gidanki?"

"Kajin maƙwabta, ranki ya daɗe. Da tattabaru. Da wata kyanwa mai zuwa ta kan katanga. Da..."

Nan take tsohuwar da ke maƙwabtaka da ita ta faɗo mata a rai.

Gidan da ke manne da nata na Iya Ladidi ne, tsohuwar ungozoma wadda ta yanke wa Tasalla cibi. Tun da injinan asibiti suka karɓe aikin haihuwa ba ta da sana'a, 'ya'yanta kuma duk sun riga ta gidan gaskiya. Mace ce mai ji da kanta, ko allura ba ta taɓa roƙa ba. Mahaifiyar Tasalla ce ta gano yadda ake yi da ita: a rufe kwano a miƙa mata, a ce girki ya yi yawa, a taimaka a cinye kada ya lalace. Iya Ladidi sai ta karɓa tana mita, wai matan yanzu ba su iya awo ba. Tasalla ta gaji wannan daga uwarta. Ba ta taɓa sa masa rana ko lokaci ba, in abinci ya ragu ne take aikawa. Kamfani ya kafa wa Iya Ladidi tukunya kamar kowa a unguwar, amma tukunya ba ta zuwa da hatsi.

Ba ta san yadda ta iso gida ba. Rana na tsaka, tukunyar ta gan ta, ta tuƙa mata tuwo da miyar kuɓewa daidai cikinta.

"Ƙara," in ji Tasalla. "Ƙara malmala biyu."

"Mutum ɗaya ne a gidan nan," tukunyar ta amsa da muryar da Tasalla ta zaɓa mata da kanta. "Awo ya cika."

Ta buga ta da tafin hannu, ta roƙe ta, ta zage ta. A banza. Da hannunta ta toshe duk wata hanyar ƙari, don kada masu almubazzaranci su yi mata wayo. Sai ta juye nata rabon a kwano, ta rufe da faifai, ta fita ko takalmi babu.

Ta daɗe tana sallama. Tana jin shirun gidan irin na kejin bayan gidanta. Can ta ji jan ƙafa. Ƙofar ta buɗe kaɗan. Iya Ladidi na tsaye ta riƙe ƙyaure da hannu biyu. Zanenta ya zagaye ta har ya yi saura, ƙasusuwan wuyanta a fili, amma ɗankwalinta a ɗaure tsaf.

"Tasalla ce? Lafiya da rana tsaka?"

"Lafiya lau, Iya. Girki ne ya yi mini yawa, na ce kada ya lalace."

Tsohuwar ta dubi kwanon. Maƙogwaronta ya motsa, Tasalla ta gani. Sannan ta ɗago ido ta dube ta, ba fushi a fuskarta, sai wani abu mai kama da tausayi.

"Haba 'yar nan. Duk garin nan wa bai san tukunyarki ba ta yin yawa ba? Wannan naki ne. Je ki ci abinki, ni na ƙoshi."

"Iya, don girman Allah..."

"Na ce na ƙoshi. Allah ya yi miki albarka."

Ta tura ƙyauren a hankali har ya rufe. Tasalla ta ji ƙarar sakata, ta ji jan ƙafar na komawa ciki. Ta tsaya a rana da kwano a hannu tana neman wata ƙaryar da tsohuwar za ta iya karɓa ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Har tuwon ya huce ba ta samo ba.