Baƙin Layi a Cikin Dutse

Auta na shara a shagon babanta, inda ake yanka dutsen daɓe, sai ta hango wani saurayi tsugune kan ɓaraguzai yana manna wa kowane guntu maganaɗisu.

"Malam, me ya ɓata?"

Ya ɗago da murmushi. "Zo ki gani."

Maganaɗisun ya maƙale a wani baƙin layi da ya ratsa dutsen.

"Ikon Allah! Ai dutse ne."

"Da ƙarfe a ciki. Ilimin duwatsu nake karantawa. Da can a narke yake, a ƙarƙashin ƙasa. Da ya fara hucewa, ƙwayoyin tama da na wani ƙarfe, titaniyam, suka daskare. Nauyinsu ya sa suka nutse, kamar ganyen shayi a gindin kofi."

"To me ya sa layin ba ɗaya ba?"

Ya dube ta da kyau. "Sabon narkakken dutse ne ya sake kwararowa, aka maimaita. Wace ce ke?"

Daga ranar ta raɗa masa Tsakuwa, waya kuwa ba ta huta ba.

"Tsakuwa, tsawon wane lokaci yake hucewa?"

"Dubban shekaru, Autata. Ni kam ba zan iya jiran haka ba."

Baba bai so ba. "Mutumin da rabin shekara yana daji? Ga ɗan mai tayil nan, kullum muna ganinsa."

Ana cikin haka Tsakuwa ya tafi daji binciken duwatsu, sai ga saƙonsa: "Na same ta! Baƙa wuluk, ga sheƙi. Na kasa ɗauke ido a kanta."

Auta ta kashe waya, ta sha kuka har idonta ya kumbura.

Da Tsakuwa ya ji ta shiru, ya taso buɗu-buɗu da ƙura har shago, rungume da ƙunshin tsumma.

"Ina baƙar taka?" ta tambaya, fuska a ɗaure.

Ya kwance tsumman. Guntun tama ne. Dariya ta ƙwace mata, ta rufe fuska don kunya.

Baba ya ɗauki dutsen, ya jinjina. Auta ta zayyano masa yadda abin ya samu, Tsakuwa na gyaɗa kai.

"Au! Shi ya sa mai baƙin layi ke karya mana baya wajen ɗauka?" Ya jawo kujera. "Zauna, yaro. Dajin fa?"

"Na samu aiki a ɗakin gwaji, Baba, nan cikin gari."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon gam.

"Ga ta nan. Tambaya gare ta, kada ka gaji da amsawa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Kowa ya ce amin.