Bahon Ruwan Kifin Fadilu

Insifekta Zubair bai gama shan shayinsa na safe ba sai ga Fadilu, ma'aikacin farmasi, ya shigo komisariyar Gure, wato ofishin 'yan sanda, idanunsa jajur.

"Ranka ya daɗe, an yi mini kisa. Kifayena na ado, waɗanda na kawo daga Damagaram. Maƙwabcina Modu tela ne ya zuba musu guba, kuma ina so a tsare shi."

Zubair ya san mutanen biyu. Tun daga kakanni katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma ya tabbata idan Modu ya kwana a komisariya, zumuncin ya mutu ke nan. Ya ɗauki hularsa.

A falon Fadilu, akwatin gilashi na kan tebur. Kifayen sun juya ciki sama, in ban da biyu da ya tsamo ya sa a ruwan kwalba.

"Yaya kake canza musu ruwa?"

"Ruwan famfo yana da maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta, amma yana ƙona kifi. Shi ya sa nake tara shi a buɗaɗɗen baho, ya kwana biyu a inuwa har maganin ya fice. Ban taɓa kuskure ba. Yau da asuba na zuba musu, kafin hantsi sun mutu."

Zubair ya sunkuya ya shinshina ragowar ruwan bahon. Warin jabel, maganin wanki da tsabtace ruwa, ya daki hancinsa. 

Ya iske Modu a bakin keken ɗinki, ya gaya masa zargin da ake yi masa.

"Ni? Kifin da ko miya ba zai yi ba? Ban taɓa leƙa shi ba!"

"To shuɗin zaren nan da na tsinta a gindin tebur, kifi ne ya yi ɗinki?"

Modu ya sosa ƙeya. "Gaskiya ina zuwa kallonsu in ya tafi aiki. Suna kwantar mini da hankali. Amma don Allah kada ya ji, na sha yi masa ba'a cewa zan soye su. Gwaggonsa ce ke buɗe mini ƙofa."

Gwaggo Yabawa, wadda ta zo daga Gidigir ganin ɗan ƙaninta, tana tsakar gida tana tsintar wake.

"Inna, kin taɓa bahon can?"

"Ɗan nan, ina ruwana da bahon kifi?"

"Allah ya ba ki haƙuri. Amma zanen nan naki baƙi ne. Me ya yi masa ɗigo-ɗigon fari a gefe?"

Ta dubi zanen, ta dubi Fadilu, sai ta ajiye faifan a hankali.

"Jiya na ga ruwa a buɗe, ba murfi, ya kwana ya wuni. A garinmu ma'aikatan lafiya sun ce irin wannan shi ke kawo sauro da zawo. Na zubar, na taro sabo daga famfo, na ɗiga jabel yadda aka koya mana. Na zaci shi za ka sha, Fadilu. Da na ga kana hawaye, sai bakina ya yi nauyi."

Fadilu ya durƙusa gabanta. "Gwaggo, lafiyata kika nema. Da ma na faɗa miki amfanin bahon. Insifekta, na janye ƙarata."

"Ka janye taka," in ji Zubair, "amma sai na tafi da ita."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Komisariya?"

"A'a, Inna. Ƙofa ta gaba, wurin Modu. Akwai wanda ya kusa kwana a tsare saboda shirunki."

Ta gyara mayafi, ya sa ta gaba, Fadilu na biye da kwalbar a hannu. Modu ya tare su a bakin shago, bai bari ta ƙarasa ban haƙurin ba.

"Ya wuce, Gwaggo. Amma biyun nan a shagona za su yi jinya, har sabon ruwa ya kwana."

"Ba za ka soye su ba?" in ji Fadilu.

"Sai sun yi ƙiba."