Saƙon Inna Ta Bakin Bashira

Zulfa na tankaɗen gari a tsakar gida, mijinta Saifullahi na zaune a gefe, sai Bashira ƙanwarsa ta faɗo babu sallama.

"Yaya Saifullahi, Inna ce ta aiko ni. Ta ce muddin matarka ta nemi jami'ar nan, to ka zaɓa — ko ita ko Inna!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Zulfa. Sai da ta haifi 'ya'ya uku sannan ta samu jami'ar da manya ke karatu daga gida, Asabar kaɗai ake leƙa aji. Ga shi ranar Juma'a za a rufe fotal, shafin cike fom ɗin shiga.

Saifullahi ɗan fari ne, Inna kuwa Bafillatanar asali. Kunya ba ta taɓa barin ta ta kira sunansa ba, balle ta yi masa magana ido da ido. Komai sai ta bakin Bashira. Ita kuwa Bashira, Allah ya yi mata kaifin baki, inda duk ta zauna sai an tashi dutse a hannun riga.

"Wallahi ina son ki, Zulfa," in ji shi. "Amma fushin uwa—"

"Kada ka ƙarasa, Abban Rumaisa."

Gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Ran Laraba Bashira ta sake dawowa.

"Yaya, maganar fa ta zama siriyos! Inna ta ce ka sallame ta, ko ta yi maka baki."

Tsoro ya kama Zulfa ƙwarai, don ta ga mijinta ya fara kallon biro. Washegari ta tafi gidan Inna a unguwar Bagadaza, ta durƙusa gaban surukarta tana kuka.

"Inna, na haƙura da karatun. Don Allah kada ki yi masa baki saboda ni."

Inna ta tsayar da jan carbi. "Baki? Ni cewa na yi in za ki aji, a kawo mini jikokina." Ta juya. "Bashira!"

Bashira ta fashe da kuka. "Ni da aka cire daga sakandare, sai ita ta yi digiri a kan idona?"

Inna ta miƙe. Ta yafa mayafi, ta tari Keke Napep har Kasuwar Gombe, ta tsaya ƙofar shagon atamfar ɗanta, kanta a sunkuye.

"Saifullahi."

Almakashi ya faɗi daga hannunsa.

"Ka kai ta ta cike fom ɗin. Yau."

Ƙato da gemunsa ya durƙushe yana kuka a gaban masu ciniki.

Da ma hassada ga mai rabo taki ce. Zulfa ta yarda ta rasa karatu don ta tsare wa mijinta albarkar uwa, sai Allah ya bar mata duka biyun.